BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA: GUDUN FANFALAKI DON TAIMAKON JAMA'A

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da matasan ma'aikata, musamman waɗanda cibiyarsu take binne a ƙasar Bagudo, akwai wata al'ada da ta game duniya wadda nake so mu dube ta da idon basira. Mutum yakan ɗauki alkawarin yin gudun fanfalaki, watau gudun yada-ƙanin-wani na kilomita 42 da mita 195, sa'an nan ya bi 'yan'uwa da abokan arziki yana neman kowa ya ɗauki nauyin wani abu na kuɗi bisa kowace kilomita, a tara a yi wa mabukata aiki da shi. Ra'ayina shi ne, ya kamata mu karɓi wannan al'ada, mu kai ta gida, mu gwada ta a gari irin Lafagu da ƙauyukan da ke kewaye da shi a bakin iyakarmu da Jamhuriyar Benin. To, amma fa da sharaɗi. Duk wanda zai shiga wannan sha'ani lalle ne ya riƙe littafi biyu, ɗaya na horon jikinsa, ɗaya na kuɗin jama'a, kuma kowanne ya zama a buɗe ga duk mai son dubawa. In babu littattafan nan biyu, gara kowa ya zauna a ɗakinsa ya yi karatun jarrabawa.

Bari mu fara da sanin abin da ake magana a kansa. An soma wannan tsere ne a wasannin Olamfik na farko na zamanin nan, a birnin Atina na ƙasar Girka cikin 1896, inda aka yi gudun wajen kilomita 40 daga garin Maraton. Tsawon da ake amfani da shi yanzu an fara auna shi a Landan cikin 1908, aka tabbatar da shi cikin 1921. Mu 'yan Afirka mun shiga tarihinsa ta babbar ƙofa cikin 1960, sa'ad da Abebe Bikila na Habasha ya lashe tseren birnin Rum ba takalmi a ƙafarsa, cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16, ya kuma sake lashewa a Tokiyo cikin 1964. Mutane sun fi riƙe zancen rashin takalmin, suna mantawa da cewa Bikila sojan fadar Sarkin Habasha ne wanda ya daɗe yana shan horo a hannun wani malamin wasanni mai suna Onni Niskanen. A nan gida ma muna da Abbas Mohammed, wanda ya wakilci Nijeriya a wannan tsere a wasannin Olamfik na birnin Sol cikin 1988, kuma tun 2016 aka soma shirya babban tseren birnin Ikko.

Haɗa gudun da neman taimako kuwa ya bunƙasa ne daga wajen 1980. A wannan shekara wani saurayi ɗan ƙasar Kanada mai suna Terry Fox, wanda aka yanke wa ƙafar dama saboda ciwon daji, ya tashi zai ratsa ƙasarsu da gudu a kan ƙafar roba don a tara kuɗin binciken wannan cuta. Ya yi kwana 143 a hanya, ya ci kilomita 5,373, kafin ciwon ya kama huhunsa ya tsayar da shi, ya rasu cikin 1981. Burinsa shi ne kowane ɗan Kanada ya ba da dala ɗaya, kuma an cika wannan buri tun yana da rai, aka tara fiye da dala miliyan 24. Abin lura a nan shi ne, sai da ya yi wata 14 yana horo kafin ya taka ƙafarsa a kan hanya. Cikin 1981 aka buɗe tseren Landan, wanda ya zuwa 2019 masu gudunsa suka tara wa ƙungiyoyin agaji fiye da fam biliyan ɗaya. Cikin watan Mayu na 1986 kuma, bayan yunwar da ta addabi Habasha da Sudan, miliyoyin mutane a ƙasashe da dama suka fita gudu rana ɗaya don agajin Afirka, wani ɗan tseren Sudan mai suna Omar Khalifa ya ɗauki wutar bikin har hedkwatar Majalisar Ɗinkin Duniya.

Na san wani zai ce, wannan ai al'adar Turawa ce, mutanen da suka ƙoshi har suke neman hanyar ƙona abinci, me ya haɗa ɗan manomin shinkafa da ita? Mai wannan magana ya manta tarihin ƙasar da ya fito. Ta wannan yanki ne fataken goro suka riƙa bi, su taso daga Kano da Katsina da Sakkwato, su ƙetare Kwara a wajajen Illo, su ratsa ƙasar Bargu, su bi ta Jugu har su isa Salaga a ƙasar Gwanja, tafiyar watanni a ƙasa da jakuna. Kakanninmu da yawa sun tafi Makka da ƙafa. Makiyayin Ka'oje kuwa ba ya bukatar a koya masa juriyar tafiya. Haka nan, taruwa a yi wa wani aiki da ƙarfin jiki ba don lada na kuɗi ba, sunansa gayya, kuma mun gaje shi kaka da kakanni. Ta fuskar addini ma, ya zo a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Uwar Muminai A'isha. Saboda haka gudu namu ne, gayya ma tamu ce. Sabon abu kawai shi ne ɗaure su wuri ɗaya.

Bugu da ƙari, ayarin fatake yana da darasi gare mu. Madugu ba ya tashi sai ya shirya, ya san zango-zangon da za a yada da rijiyoyin da za a sha. Ayari kuma yakan tafi da malami, wanda ban da addu'a shi ke riƙe rubutun ayarin. Watau tun a wancan zamani an gane cewa doguwar tafiya da dukiyar jama'a tana bukatar shiri da alƙalami. Su ne littattafan nan biyu da na ambata.

Mu ɗauki littafi na farko, na horon jiki. Akwai samari da yawa da suke ganin tun da suna buga ƙwallo kowace yamma, ko suna yini a fadama da fartanya, gudun kilomita 42 ba zai gagare su ba. Wannan kuskure ne mai iya kai mutum kushewa. Ƙwararren ɗan ƙwallo kansa abin da yakan ci cikin minti 90 bai wuce kilomita 10 zuwa 12 ba, kuma yana yi yana tsayawa. Masana wasanni sun daidaita a kan cewa wanda ya riga ya saba da gudu yana bukatar mako 16 zuwa 20 na shiri. Wanda bai taɓa yi ba kuwa, ya fara da kilomita 5, ya koma 10, ya gwada rabin tseren, watau kilomita 21, kafin ya yi tunanin cikakkensa. Ana ƙara nisa ne da kaɗan-kaɗan, kamar kashi 10 cikin 100 a mako, ana gudu kwana uku ko huɗu, ana hutawa a tsakani, domin a lokacin hutu ne tsoka da jijiya suke ƙara ƙarfi. Sau ɗaya a mako ake yin dogon gudu a hankali, ana tsawaita shi har ya kai kilomita 30 ko 32. Idan ya rage mako biyu ko uku a yi tsere sai a sassauta, a bar jiki ya murmure.

Dalilin wannan dogon shiri yana cikin halittar ɗan Adam. Jiki yana ajiye wani ɓangare na abincin da muka ci, irin su tuwo da shinkafa, a cikin tsoka da hanta, shi ne yake ƙonawa da sauri idan ana gudu. Wannan ajiya takan ƙare a wajen kilomita ta 30, sai mai gudu ya ji ƙafafunsa sun yi nauyi kamar an ɗaura masa turmi, kansa ya riƙa juyawa. Horo ne yake koya wa jiki tattalin ajiyar nan da jingina ga kitse, kuma shi ne yake koya wa zuciya kada ta firgita sa'ad da wahalar ta zo.

Sai kuma yanayin ƙasarmu. A watannin Maris da Afrilu zafin Kabi yakan haura digiri 40, kuma duk wanda ya ce zai yi dogon gudu a cikin wannan rana yana wasa da ransa. Lokacin da ya dace shi ne daga ƙarshen damina zuwa ƙarshen hunturu, watau daga Oktoba zuwa Fabrairu, a fita bayan sallar asuba a dawo kafin rana ta ɗaga. Ranar da hazo ya yi yawa, mai ciwon asma ya haƙura. A sha ruwa gwargwadon ƙishirwa, a haɗa da ɗan gishiri da sukari in gudun ya yi tsawo, amma kada a yi ta ɗurawa ba lissafi, don yawan ruwa ma yakan tsinka gishirin jini ya kayar da mutum. Kafin a soma komai a ga likita, a auna bugun zuciya da hawan jini, a san matsayin mutum game da sikila. Wanda zazzaɓin cizon sauro ya kama kada ya koma gudu sai ya warke sarai. In watan azumi ya faɗo cikin lokacin shiri, a rage nisa, a mai da gudun bayan buɗa-baki. Duk wannan a rubuta shi kullum: ranar kaza, kilomita kaza, cikin minti kaza, tare da wane da wane.

Mai karatu zai tambaya, to me ya sa sai an nuna wa jama'a wannan littafi? Dalili shi ne, ɗalibi ba shi da dukiyar da zai jinginar. Idan ya je gaban mai sayar da albasa a kasuwa ya ce a ba shi kuɗi zai gyara famfon gari, me zai sa a yarda da shi? Amma idan mutanen gari sun shafe wata huɗu suna ganinsa kowace asuba a kan hanya, ran sanyi da ran ƙura, bai fasa ba, to sun ga shaidar cewa yana cika alkawarin da ya yi wa kansa, kuma gani ya kori ji. Zufarsa ita ce jinginarsa. Wanda ya kasa tashi da asuba saboda alkawarin ƙafarsa, da wuya ya iya tsare alkawarin aljihun wani.

Wannan ya kawo mu ga littafi na biyu, wanda ya fi na farko nauyi. Kowa a cikinmu ya taɓa halartar bikin kafa gidauniya, inda ake hayar rumfa da kujeru, a kira manyan baƙi, maroƙi ya yi ta shelar dubbai da miliyoyi, a tafa, a watse. Bayan shekara ka tambayi inda aka kwana, sai a ce wane bai cika alkawari ba, abin da aka samu kuma ya tafi wajen abinci da lasifika. Irin wannan ne ya sa talaka ya daina sauraron duk mai zuwa da takarda a hannu. Mun kuma ga abin da ya faru cikin 2015, lokacin da wani saurayi ya taka daga Ikko zuwa Abuja, tafiyar fiye da kilomita 700, don murnar sakamakon zaɓe, wasu da dama suka bi sahunsa zuwa gidajen gwamnatoci daban-daban. Juriyarsu abin yabo ce, kuma ta tabbatar da cewa samarinmu suna da ƙafa. Sai dai tattakin ya ƙare ne a ɗaukar hoto da manya. Da an ɗaura wa kowace kilomita wata 'yar bukata ta ƙauye, da yanzu akwai abin nunawa.

Don kada namu ya bi wannan hanya, ga abin da nake ba da shawara. Da farko, kada ɗalibai su zauna a jami'a su yanke wa Lafagu abin da take bukata. A je a zauna da mai gari da liman da shugaban makarantar firamare da ungozoma da shugabannin manoma da masunta, su faɗi abu ɗaya da bakinsu. Na biyu, abin ya zama ƙarami, mai ƙirguwa, wanda ido zai gani: gyaran famfon tuƙa-tuƙa guda biyu, ko bencina 40 na aji, ko rigunan kariya na shiga jirgin ruwa guda 100. Wannan na ƙarshe ba abin rainawa ba ne ga mutanen da Kwara ta ratsa ƙasarsu, in muka tuna jirgin da ya nutse kusa da Warra a ƙaramar hukumar Ngaski cikin watan Mayu na 2021 ɗauke da mutum fiye da 150, mafi yawansu ba su tsira ba. Na uku, a nemo farashin abin tun kafin a karɓi ko sisin kwabo, a sanar da shi.

Na huɗu, kuɗi kada ya shiga asusun mai gudu. A buɗe asusu dabam wanda ba a fitar da komai daga cikinsa sai da sa hannun mutum uku, ɗaya daga cikinsu dattijon garin ne wanda ba ɗalibi ba. Duk wanda ya ba da wani abu a ba shi rasiɗi, ko naira 100 ce, wanda ya turo ta waya ma a rubuta shi. Tun da lokacin ya dace da kaka, manomin da ba shi da tsabar kuɗi ya ba da mudun shinkafa ko na dawa, a auna a gabansa a rubuta. 'Yan'uwanmu na tsallaken iyaka, na wajajen Segbana da Malanbil, waɗanda yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta raba mu da su a takarda alhali aure da kasuwa ba su rabu ba, in sun ba da sefa a rubuta ta da canjin wannan rana. Na biyar, kuɗin mota da takalmi da abincin mai gudu daga aljihunsa za su fito. Na shida, bayan an gama aiki a liƙa lissafi a ƙofar makaranta da bakin kasuwa, da boko da ajami, a kuma karanta shi a bainar jama'a da harsunan da ake ji a wurin, don wanda bai iya karatu ba shi ma da haƙƙinsa a ciki.

Kada a raina abin da za a iya samu. A misali, in mutum 200 suka ɗauki nauyin naira 50 a kan kowace kilomita, kowannensu zai ba da naira 2,100, jimla naira 420,000 daga ƙafafun mutum ɗaya. In masu gudun sun kai biyar, mai karatu ya yi lissafin da kansa. Ba dole ba ne kuma a tafi Ikko, inda kuɗin mota da masauki za su iya cinye abin da ya kai rabin wannan. Ana iya auna hanya a gida, da sanin hakimi da jami'an tsaro da ma'aikatan lafiya, a nisanci dajin da ba a amince da shi ba, kada kuma a taka iyaka ba izini. In babu wanda ya isa cin kilomita 42 shi kaɗai a shekarar farko, a raba ta tsakanin mutum huɗu ko shida, wannan ya miƙa wa wannan. 'Yan'uwanmu mata su ma suna da wuri a ciki, ko a filin makaranta tsakaninsu, ko a wajen riƙe lissafi da shiga gidaje neman gudummawar iyayenmu mata, inda namiji ba ya shiga.

Saura ƙorafi biyu da ya wajaba in amsa. Na farko na masu tsoron riya ne, waɗanda suke cewa sadakar da aka yi da ganga ba ta da lada, mai son taimako ya ba da nasa a ɓoye. Tsoronsu yana kan hanya, kuma duk mai gudun da ya ga hotonsa ya fi famfon yawa a bakin jama'a, ya binciki zuciyarsa. Amma malamai sun bayyana cewa bayyana sadaka ya halatta, ko da yake ɓoye ta ya fi. Ban da haka, kuɗin ba na mai gudu ba ne, shi ɗan aike ne kawai, kuma ɗan aike ba ya ɓoye saƙo. Mai bayarwa yana da ikon cewa a sakaya sunansa, amma adadin abin da ya bayar dole ya fito a lissafi. Sau da yawa da sunan gudun riya ne ake rufe littafi, a ci amana a cikin duhu.

Ƙorafi na biyu na 'yan'uwanmu masu ra'ayin sauyi ne, waɗanda suke cewa famfo da benci aikin hukuma ne, in muka yi mata sai ta miƙe ƙafa. Gaskiya ne gudun ɗalibai ba zai gina asibiti ba, ba zai tare ambaliya irin ta 2020 da ta cinye gonakin shinkafa a jihar Kabi ba, kuma bai kamata kowa ya yi da'awar haka ba. Amma ku duba wannan: ranar da ɗalibai suka liƙa takarda cewa sun gyara famfo biyu da kuɗi kaza, ga rasiɗi, sun ba talaka ma'aunin da zai auna duk wani mai cewa ya kashe ninkin haka goma a kan famfo ɗaya. Wanda ya nuna lissafinsa shi ne yake da bakin tambayar lissafin wani. Mu ne kuma gobe za mu zauna a kujerun ma'aji da sakatare da injiniyan ƙaramar hukuma, kuma halin da muka koya a kan naira dubu shi za mu kai kan miliyan.

Saboda haka ina kira ga ƙungiyar ɗalibai 'yan asalin Bagudo, da takwarorinta na sauran ƙananan hukumomi, su sa wannan magana a taronsu na gaba. A zaɓi gari ɗaya da bukata ɗaya, a sayi littattafai biyu na rubutu, a samo mutum biyar masu lafiya da suka yarda su tashi da asuba tun daga watan Oktoba. Kada a buga takardar gayyata, kada a nemi babban baƙo, sai an cika shafi 30 a littafin horo. Wanda ya ga ba zai iya gudu ba ya riƙe alƙalami, wanda ba zai iya riƙe alƙalami ba ya tsaya a bakin hanya da butar ruwa. Allah ya ba mu lafiya da riƙon amana, amin.